Daga Ƙofar Mata Zuwa Asaba: Tafiyar da Muka Yi Ɗauko Kofi

Kawuna ne ya tayar da maganar tafiyar. Da Kano Pillars ta samu gurbin wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na ƙasa, a 2018, wanda za ta buga da Rangers ta Enugu a Asaba, sai ya aiko yaro har shagona a Kantin Kwari, wai in same shi bayan la'asar. Na tarar da shi a soro a kan tabarma, rediyonsa a gefe. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗan nan, Asaba za ka kai ni."

Na ce, "Kawu, Asaba fa ba Wudil ba ce. Wuni guda cur ake yi a mota, ga ciwon gwiwar nan taka."

Ya ce, "Rabon Kano da kofin nan tun 1953, ina goye a bayan kakarka. A 1991 mun je wasan ƙarshe, El-Kanemi ta Maiduguri ta ƙwace. Idan ban gani bana ba, yaushe kake so in gani?"

Ba ni da amsar wannan. Ranar Talata, 23 ga Oktoba, muna idar da sallar asuba muka hau bas a kusa da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mu goma sha takwas har da direba. An ɗaura tuta mai ruwan ɗorawa da kore a madubin mota, an cusa ganguna biyu da kakakin roba a ƙarƙashin kujeru. Aka ba Kawu kujerar gaba don ya miƙe ƙafa.

Daga Kano zuwa Kaduna ba wani labari, sai gyangyaɗi da ƙarar ramuka. A Kaduna muka karya, kuma daga nan ne baki ya buɗe. Wani matashi da ke bayana, wanda bai fi shekara ashirin ba, ya ce shi a saninsa Pillars ta fi kowace ƙungiya tsufa a Arewa. Kawu ya juyo da dukkan jikinsa. Shi tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ta WRECA ne, kuma wannan magana ta taɓa masa wurin da yake ƙaiƙayi. Ya ce a 1990 aka haifi Pillars, ya girme ta nesa ba kusa ba. Ƙungiyoyi uku aka narkar aka zuba a tukunya ɗaya: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Kafin nan kowacce tana da mutanenta, suna adawa da juna, kuma ba kowa ne ya so haɗin ba. Amma Kano ta ga cewa tun bayan Raccah Rovers, wadda ta ci lig ɗin Nijeriya a 1978, garin bai sake samun wadda za ta tsaya masa a ƙasa ba. Ƙarfi a rarrabe yake. Shi ya sa aka haɗa.

"Kuma ba a haɗa yau aka ci gobe ba," in ji shi. "Shekara goma sha takwas muka yi muna jira."

Wannan kam na shaide shi da idona. A 2008 ne, a hannun koci Kadiri Ikhana, Pillars ta fara ɗaukar kofin lig. Shekarar da ta biyo baya kuwa ita ce wadda duk mai goyon bayan ƙungiyar nan yake ba 'ya'yansa labari. An haɗa mu da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, alhali su ke riƙe da kofin. Aka tashi 1-1 a Kano, kowa ya ce shi ke nan, an yi ƙoƙari, a je Alƙahira a karɓi hukunci. Sai ga 2-2 a can, muka fitar da su da yawan ƙwallayen waje. Daren nan Kano ba ta yi barci ba. Muka shiga rukuni da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, muka fito, muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Abin da har yau yake min ciwo shi ne ba Larabawa ne suka tare mu ba, 'yan gida ne: Heartland ta Owerri ta zuba mana huɗu a can, ta zo Kano ta ƙara ɗaya.

A kakar da ta biyo baya wani siririn yaro daga Jos, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a lig, ya wuce Turai. Sannan aka shiga shekarun da muke kira na mulki: 2012 da 2013 tare da Baba Ganaru, 2014 tare da Okey Emordi, kofi uku a jere. Ana lissafin nan a mota ana tafi, mai ganga ya zaro gangarsa, aka ɗauki "Sai Masu Gida!" har muka wuce Zuba.

Muna dosar Abaji direba ya rage rediyo, ya ce a ajiye ganga. Babu wanda ya tambayi dalili. A wannan hanya ta Abuja zuwa Lokoja ne, a watan Maris na 2015, 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta suna kan hanyar Owerri don wasan farko na kaka. Biyar suka ji raunin harbi, har da Gambo Mohammed, wanda a lokacin shi ne mashin da muke soka da shi. Zakarun ƙasa ke nan, masu kofi uku a jere, a bas a kan titi kamar kowa. Wanda yake kallo a Ƙofar Mata minti casa'in kawai yake gani. Ni kaina sai a ranar, da ƙugu ya riƙe, ƙafa ta kumbura, ga shi ko rabin hanya da ƙyar muka yi, na fahimci abin da ake nufi da wasan waje a ƙasar nan. Haka yaran nan suke yi duk bayan mako biyu, Uyo, Fatakwal, Aba, Akure, su sauka su buga, su juyo. Mu kuma idan sun dawo ba maki mu bi su da baƙar magana. Kawu ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa.

A gadar Murtala da ke Jamata muka ga Kwara ta cika ta batse. Ambaliyar da aka yi a watan Satumba ta bar alamarta a bangayen gidajen bakin hanya, wasu har saman taga. A Lokoja muka haɗa azahar da la'asar, muka ci shinkafa da soyayyen kifi a rumfar wata mata 'yar Bida. Daga nan sai duwatsun Okene, sai Auchi, inda muka ji kiran sallar magariba yana tashi daga masallatai ta ko'ina kamar muna gida. Bayan Auchi hanya ta lalace, tireloli sun yi layi, duhu ya rufe. Uromi da Agbor ban gan su ba, sunansu kawai na ji daga bakin direba. Sha ɗaya ta wuce muka shiga Asaba.

'Yan'uwanmu mazauna garin, masu sayar da albasa da tumatir da dabbobi, su suka karɓe mu. Sun kwana biyu suna sauke baƙi daga Kano. Aka shimfiɗa mana tabarmi a barandar masallaci, wani mai shayi ɗan Tawa ya ƙi karɓar kuɗin Kawu, ya ce, "Baba, ku dai ku tafi mana da kofin, shi ne kuɗin shayina." Da yawansu sun shekara ba su je gida ba, kuma na lura ƙungiyar nan a wurinsu ta wuce ƙwallo. Idan Pillars ta zo kudu, Kano ce ta zo gaishe su.

Da safe Kawu ya ce sai ya ga gadar Onitsha. Muka hau Keke Napep zuwa bakin kogi. Muna tsaye muna kallon ƙarafunan gadar da kasuwar da ke hayi, sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, mutanen birni. Ya hanya?" da Hausa tsantsa irin ta Kano. Muka waiga. Wani dattijo ne Inyamuri, sa'an Kawu, da jar hula da rigar Rangers mai ja da fari. A Sabon Gari aka haife shi, a can ya yi firamare, a 1966 iyayensa suka gudo da shi a jirgin ƙasa. Bai faɗi fiye da haka ba game da wannan shekara, Kawu ma bai tona ba. Sun ɗan yi shiru tare, sannan dattijon ya tambaya ko har yanzu ana sayar da gurasa a bakin Fagge.

Suka zauna a benci kamar sun shekara da sanin juna. Shi ya ba mu tarihin tasu ƙungiyar. An kafa Rangers a Enugu a 1970, ana gama yaƙin basasa, lokacin da mutanensu ba su da komai sai rai. Ya ce a shekarun nan idan Rangers za ta yi wasa a Legas, 'yan kasuwa rufe shago suke yi. Sun ci kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1977, zamanin su Christian Chukwu da Emmanuel Okala. Sannan ruwa ya ɗauke. Daga 1984 ba su sake ganin kofin lig ba sai 2016, shekara 32. Kofin da za a buga yau kuwa rabonsu da shi tun 1983. Amma duk tsawon wannan fari ba su taɓa faɗuwa daga babban rukuni ba.

Na ce masa, "Baba, shekara talatin da biyu? Ba ku gaji ba?"

Ya ce, "Yaro, in ɗanka ya faɗi jarrabawa korarsa kake yi daga gida?" Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, ku matsalarku ɗaya. Kun daɗe ba a doke ku a gida ba, har kun manta yadda ake yi."

Na ji haushin maganar a lokacin. Ai abin alfaharinmu ke nan: daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, wasa 202 na lig a gida ba wanda ya ci mu, sai da Nasarawa United ta zo ta karya da 2-1. Shekara goma sha biyu. Akwai yaran da aka haifa suka shiga sakandare ba su taɓa ganin baƙo ya fita da maki uku daga Kano ba. Kawu dai murmushi ya yi, suka karɓi lambar juna, kowa ya ce wa ɗan'uwansa Allah ya ba mai rabo sa'a.

Filin wasa na Stephen Keshi sabo ne fil a lokacin, watanni biyu da gama gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Afirka a cikinsa. Enugu kusa take, ƙetare gada ne da tafiyar awa biyu, saboda haka ja da fari sun fi mu yawa nesa. Amma gangarmu ta fi tasu amo, kuma ba a daɗe ba aka ba mu abin kiɗa. Ko minti goma ba a yi ba Rabi'u Ali, Pele namu, ya zura ta farko. Kafin hutu Ibrahim Alhassan ya ƙara. Ana dawowa daga hutu Nyima Nwagua ya saka ta uku. Uku ba ko ɗaya! Kocin Rangers, Gbenga Ogunbote, ya cire golansa ya sako wani. Na ga magoya bayansu suna sulalewa ta ƙofa. A ɓangarenmu wasu sun fara kiran gida, ana cewa a tanadi babura a tarbe mu a Kwanar Dangora. Matashin nan na bayana ya rungume ni yana kuka. Na sunkuya na ce wa Kawu, "Kawu, ga 1953 ɗinka ta dawo."

Bai ɗago ba. Carbi yake ja. Ya ce, "Da sauran rina a kaba. Duba agogo."

Saura kamar kwata a tashi. 'Yan wasanmu sun ja baya, kowa yana jiran busa. Kelvin Itoya ya farke ɗaya, muka ce ta share hawaye ce. Bayan 'yan mintoci Chidera Ezeh ya ƙara, sai filin ya juye. Waɗanda suka fita suka riƙa dawowa a guje. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar rufin zai faɗo, kuma a karo na farko na ji abin da baƙi suke ji idan sun zo Ƙofar Mata: ƙafarka tana ƙasa amma ba ka jin ta. Yaranmu duk wanda ƙwallo ta zo masa sai ya doka ta gaba, ta dawo. Ana cikin mintocin da alƙalin wasa ya ƙara Ajani Ibrahim ya saka ta uku. Aka tafi bugun fenariti, suka ci 4-2.

Murna ta koma ciki. Wasu daga cikinmu suka fara zagi, wannan ya ce koci ne, wancan ya ce an sayar da wasa, wani ya ɗaga robar ruwa zai yi jifa. Kawu, da gwiwar tasa, ya miƙe ya riƙe hannunsa. Ya ce, "Ajiye. Ba wanda ya cuce ka. Ƙwallo uku aka ba ka ka kasa riƙewa. Ka dubi yaran can." 'Yan wasanmu suna kwance a ciyawa, wasu sun rufe fuska da riga. Ya sa muka tsaya har aka miƙa wa Rangers kofi, muka tafa wa namu da suka zo karɓar lambar azurfa. Ba mu fi mu talatin da muka rage a wannan ɓangaren ba.

A bakin ƙofa wayar Kawu ta yi ƙara. Dattijon nan ne. Bai yi dariya ba, bai yi tsiya ba. Ya ce, "Alhaji, sannu. Na san wannan ciwon. Ku sauka lafiya."

Komawarmu shiru ce. Gangunan ba su fito daga ƙarƙashin kujera ba har Kano. Ni kuwa maganar bakin kogi ce take ta yi min yawo a ka, kuma shekarun da suka biyo baya sun sa na daina jin haushinta.

Abin daɗi ya fara zuwa. A Yulin 2019 muka sake kaiwa wasan ƙarshe, wannan karon a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, da Niger Tornadoes. Aka tashi ba ci, aka je fenariti, muka ci 4-3. Koci Ibrahim Musa, wanda aka zaga a Asaba, shi ne dai ya ɗauko shi. Shekara 66. Kawu yana wurin, kuma bai bar kujerarsa ba sai da ya ga kofin a hannun kyaftin, sannan ya yi sujada a kan siminti.

Amma ciwon da dattijon ya gano yana nan. Wata guda kafin wannan nasara, a Agege, a wasannin fitar da zakaran lig, magoya bayanmu sun ɓalle cikin fili bayan wasa da Rangers ɗin dai, aka ci tarar ƙungiya. Sannan muka daɗe muna buga wasannin gida a Kaduna. Da aka dawo mana da su Kano a Afrilun 2022, a wasa da maƙwabtanmu Katsina United, aka yi tarzoma har aka farfasa motar baƙi. Aka cire mana maki, aka kore mu zuwa Abuja, masu gida suka zama 'yan haya a filin da ba kowa. A ƙarshen wannan kaka Pillars, mai kofin lig huɗu, ta faɗa rukunin 'yan dagaji.

Na ji masu cewa alƙalai ne, masu cewa hukumar lig ce ba ta son mu, masu cewa siyasa ce ta shiga ƙungiya tunda gwamnatin jiha ke riƙe da ita, shugabanci yana canzawa da canjin masu mulki. Akwai ƙamshin gaskiya a batun shugabanci da kuɗi, kuma ba Pillars kaɗai ke fama da shi ba. Sai dai ni na zauna a cikin 'yan kallo shekara ashirin, na san abin da na gani. Makin da aka cire mana ba ɗan wasa ne ya zubar da shi ba, mu ne. Wasa 202 sun koya mana cewa nasara a gida haƙƙinmu ce, duk wanda ya hana mu ita ɓarawo ne. Mun iya cika fili tun azahar, wannan babu kamar mu a Nijeriya, har abokan hamayya sun sallama. Abin da Kawu ya yi a Asaba, na riƙe hannun mai jifa, shi ne ba mu da isassun masu yi. Ina faɗin haka ne don ƙungiyar nan tawa ce, kuma ina so ɗana ya shiga filin nan ban riƙe zuciyata a hannu ba.

Ranar da faɗuwar ta tabbata ina soron Kawu. Waya ta yi ƙara, ya sa ta a sifika. Muryar nan ce ta bakin kogi: "Alhaji, ku yi maza ku dawo. Lig ba Kano ai miya ce ba gishiri." Kaka ɗaya muka yi a ƙasa, a 2023 muka hauro. A 2024 Rangers ta ci lig, Kawu ya riga kowa kiran dattijon. A wannan shekarar kuma Ahmed Musa ya sake dawowa gida ya saka rigar ruwan ɗorawa, tare da Shehu Abdullahi, ga Rabi'u Ali har lokacin yana fili.

A watan Oktoban 2024, shekara shida cif bayan Asaba, Pillars ta je har Enugu ta ci Rangers 4-3. Gwiwa ta riga ta hana Kawu fita ko masallacin Juma'a sai a mota, a rediyo muka bi wasan ni da shi. Da aka busa tashi na miƙa masa wayar na ce, "Kawu, kira mutuminka."

Ya karɓa ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Bari ya ci abincin dare tukuna. Da safe na kira shi in yi masa sannu."